Deutschlandticket: tikitin da ke buɗe wa ɗalibi ƙasar Jamus, da tarkunan da ke cikinsa

Ɗalibin da ya sauka Jamus karatu, kafin ya gama gane hanyar ajinsu za a fara yi masa zancen Deutschlandticket. Tikiti ne guda na wata, wanda da shi ake shiga bas, jirgin ƙarƙashin ƙasa, jirgin kan titi da jiragen ƙasa na yanki, tun daga bakin teku a arewa har gindin tsaunukan Alps a kudu. An fara sayar da shi don aiki daga 1 ga Mayun 2023 a kan Yuro 49, bayan gwajin tikitin Yuro 9 da aka yi daga Yuni zuwa Agustan 2022. A Janairun 2025 ya koma Yuro 58, a Janairun 2026 ya kai 63. Farashin hawa yake yi, ba ya sauka, amma har yanzu kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, muddin mutum ya san abin da ya saya. Wanda ya ɗauke shi a matsayin tikitin fita da safe a dawo da dare zai more shi iyakar mora. Wanda ya ɗauka zai riƙa keta ƙasar da shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, jiki magayi.

Kafin ɗalibi ya ciro ko sisi, ya fara duba takardar kuɗin zangon karatunsa. Jami'o'i da yawa sun shigar da tikitin cikin kuɗin da ake biya kowane zango, da sunan Deutschlandsemesterticket, a kan kashi 60 cikin 100 na farashin kowa da kowa. Da aka fara shi a 2024 Yuro 29.40 ne a wata, a zangon hunturu na 2025 ya koma 34.80. In jami'arka tana cikin tsarin, ka riga ka biya, abin da ya rage shi ne ka shiga shafin da suka ba ka da lambar ɗalibtarka ka sauke shi a waya. Akwai sababbin zuwa da ke sayen na Yuro 63 alhali nasu yana can yana jiransu, don kawai ba su karanta saƙon da jami'a ta turo ba. A jihar Bavariya kuma akwai wani tsarin dabam, inda ake rage wa ɗalibi Yuro 20 daga farashin, amma shi zai nema da kansa ya nuna shaidar ɗalibta.

Lissafin ba shi da wuya. Tikitin shiga ɗaya a cikin Berlin ya kai wajen Yuro 4. Mai riƙe da na ɗalibai ya mayar da kuɗinsa a shiga tara, wato ƙasa da mako guda na zuwa makaranta da dawowa. Duk abin da ya biyo baya gyara ne. Tikitin yini guda na zagaya jihar Bavariya kuwa ya haura Yuro 30 ga mutum ɗaya, ke nan fita biyu zuwa tsauni a wata sun biya cikakken farashin.

Tarko na farko yana wajen sayen. Wannan ba tikitin da ake saya a injin tasha a yi wata guda a jefar ba ne. Rajista ce mai sabunta kanta, duk wata a zare kuɗi daga asusunka har ranar da ka ce a daina. Ƙa'idar ita ce a soke kafin 10 ga wata ta wuce in ana so ya tsaya a ƙarshen wannan watan. Wanda ya tuna ranar 11, ya biya na gaba ke nan. Kuma watan kalanda yake bi, ba kwana 30 daga ranar saye ba: a mafi yawan masu sayarwa, in ka saya ranar 25 za ka biya kuɗin wata cif, ka yi kwana biyar ko shida da shi, sannan da yake 10 ga wata ta wuce, watan gaba ma ya hau kanka. Wasu ƙananan manhajoji suna sassauta ranar sokewa, kuma suna karɓar katin banki maimakon lambar asusu ta IBAN, abin da ke taimakon wanda bai gama buɗe asusu ba. Tikitin ɗaya ne ko a wajen wa aka saya, bambancin yana wajen biya da sokewa, don haka waɗannan sharuɗɗa biyu ne abin karantawa.

Akwai wata matsala da ta fi shafar ɗaliban waje. Mafi yawansu kuɗin cefanensu yana fitowa ne daga asusun da ake kulle kuɗin shekara a ciki, ana sakar musu kaso guda kowane wata. In kamfanin sufuri ya zo zarar kuɗinsa a farkon wata kafin wancan kason ya faɗo, sai zarar ta koma, banki ya ɗora cajinsa, wasiƙar gargaɗi ta biyo baya, in aka yi biris da ita kuma a miƙa wa masu karɓo bashi, bashin Yuro 63 ya haifi 'ya'ya. Maganin shi ne a bar kuɗin tikiti kwance a asusu tun ƙarshen wata. Su kuwa tikitocin da ake tallatawa a kafafen sada zumunta a rabin farashi, a guje su. Yawanci da bayanan bankin da aka sace ake sayensu, daga baya a toshe su, wanda aka kama da shi a hannu shi zai yi bayani.

Tikitin na mutum ɗaya ne, da sunansa a jiki, ba a ba da aro. Mai dubawa zai haska lambar da ke fuskar wayarka, yana kuma da ikon cewa ka nuna katin shaida mai hoto. Hoton tikitin da aka ɗauka daga fuskar waya ba ya wucewa, sai ainihin wanda ke cikin manhaja. In waya ta mutu, a wurinsu ba ka da tikiti: zai rubuta maka takardar tarar Yuro 60, amma in ka je ofishinsu cikin kwanakin da aka rubuta ka nuna cewa kana da shi a ranar, yawanci Yuro 7 za ka biya. Saboda haka fawa bank ba ado ba ne a wannan harka, musamman a lokacin sanyi da batir ke zubewa ba zato. Mai son kwanciyar hankali ya nemi kamfanin da ke ba da tikitin a katin roba. A kuma buɗe manhajar tun a gida a ranar farko ta wata, don sabon tikitin ya sauka, domin akwai kwaruruka da dazuzzukan da sabis ba ya kaiwa.

Tarko na biyu shi ne wanda ya fi cin kuɗi: shiga jirgin da ba naka ba. Tikitin yana aiki a jiragen da lambarsu ta fara da RE, RB, S da U, da makamantansu na kamfanoni masu zaman kansu. Ba ya aiki a jiragen doguwar tafiya masu sauri, wato ICE, IC da EC, ba ya aiki a FlixTrain ko FlixBus. Akwai 'yan wurare ƙalilan da aka yarda a shiga IC da shi, kamar tsakanin Stuttgart da Singen, amma wannan togaciya ce, ba a gina tafiya a kanta. Wasu suna koya wa baƙi cewa "farin jirgi ba naka ba ne, ja naka ne". Rabin gaskiya ce, don jiragen yanki suna da launi iri-iri, har da farare. Haruffan da ke allon tasha su ne abin dogaro. A manyan tashoshi sau da yawa ICE da RE masu zuwa gari ɗaya suna tsayawa a layi ɗaya, tsakaninsu minti biyar ko shida, kuma in ɗaya ya makara sai su yi musayar wuri. Mutum yana kallon agogo ya ga lokaci ya yi, jirgi ya tsaya, ya faɗa ciki. Wanda ya farga bayan ƙofa ta rufe yana da minti 10 daga tashin jirgin ya sayi tikiti a manhajar kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, DB Navigator. In ya wuce haka, za a caje shi ninkin kuɗin tafiyar, kuma ba ya gaza Yuro 60. A cikin manhajar akwai wurin zaɓar jiragen yanki kaɗai, a kunna shi sau ɗaya a huta. Taragon da aka rubuta wa lamba 1, mai ratsin rawaya a saman tagogi, na masu tikitin daraja ta ɗaya ne. Ko babu kowa a ciki, ko cunkoso ya kai ƙofa, ba wurin zamanka ba ne.

To, ina ake zuwa da shi? A nan ne tikitin yake nuna kansa.

A cikin gari, yana maye gurbin motocin yawon buɗe ido masu tsada. A Berlin bas mai lamba 100 yana tashi daga tashar Zoo zuwa Alexanderplatz, ya bi ta gaban fadar shugaban ƙasa ta Bellevue, ya wuce kusa da ginin majalisa na Reichstag, ya miƙe titin Unter den Linden. Hawa ƙubbar gilashin majalisar kyauta ne, amma sai an yi rajista a intanet tun da wuri an kuma zo da fasfo. Jirgin fito mai lamba F10 yana ketare tafkin Wannsee zuwa Kladow cikin kamar minti 20, shi ma yana ciki. A Hamburg jirgin ruwa mai lamba 62 yana tashi daga Landungsbrücken zuwa Finkenwerder, wajen rabin awa, yana ratsa tashar jiragen ruwa ta gefen manyan jiragen kwantena, abin da masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi mai kauri su gani. A hau saman bene, amma da rigar sanyi, iskar kogin Elbe ba ta san watan Yuli ba. A Wuppertal akwai jirgin da ke rataye a saman kogi tun 1901, tsawon kilomita 13, shi ma jirgin haya ne na yau da kullum, tikitin ya ɗauke shi. A Kolon kuwa ko bas ba a buƙata, ana fitowa daga tasha babbar majami'ar nan mai tsayin mita 157 tana tsaye a gabanka, da matakala 533 ga mai son gwada gwiwarsa.

Masu sauraron sashen Hausa na DW sun saba jin sunan Bonn. Daga can jirgin kan titi mai lamba 66 yana kai mutum Königswinter, gindin dutsen Drachenfels mai tsayin mita 321. Wannan shi ne ya fi dacewa da hawan farko ga wanda bai taɓa yi ba: hanya a share take, ƙasa da awa guda an kai, daga sama kuma ga kogin Rhine shimfiɗe. Ƙaramin jirgin da ke hawa dutsen kuɗinsa dabam.

Tafiyar da ta fi kowace nuna amfanin jinkirin jirgin yanki ita ce ta kwarin Rhine, tsakanin Koblenz da Bingen, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. A ɗauki RB26 daga Koblenz a nufi Mainz, a zauna ta hannun hagu, don kogin ta nan yake. Layin dogon yana manne da bakin ruwa, gonakin inabi sun hau gangaren duwatsu, tsofaffin fadoji a kan kowane tudu, ga dutsen Loreley a tsallake daura da St. Goar, ga wata fada a tsakiyar ruwa daidai Kaub kamar jirgin da ya kafe. Daɗin abin shi ne ana iya sauka a Bacharach a yi yawon awa guda cikin lunguna, a hau na gaba, a sake sauka inda rai ya so, ba mai tambayar ko kwabo. A ɗaya gaɓar akwai hanyar ƙafa ta Rheinsteig, kilomita 320 daga Bonn zuwa Wiesbaden, wadda aka yanka ta zango-zango, kusan kowane zango ya fara a tasha ya ƙare a tasha. Jiragen ruwan shaƙatawa ba sa cikin tikitin. Kuma kada ganin ruwan kwance ya ruɗi wanda ya iya iyo a kogin garinsu. Rhine yana da ja a ƙasa, manyan jiragen kaya suna tayar da igiyar da ke janye mutum, duk shekara yana cin rayuka.

Ɗaliban Dresden da Leipzig suna da Bastei, wasu dogayen duwatsu a gefen kogin Elbe. Jirgin S1 daga Dresden yana kaiwa Kurort Rathen cikin kamar rabin awa. Tashar tana wannan gaɓa ta Elbe, duwatsun suna waccan, sai an hau ƙaramin jirgin fito, shi kuma ba ya karɓar tikitin, don haka a riƙe 'yan tsabar kuɗi. Daga can hawa ne na minti 30 zuwa 45, matakala bayan matakala, har gadar dutsen da aka gina a 1851 tsakanin ƙusoshin duwatsu, kusan mita 190 sama da kogin. A isa kafin ƙarfe tara na safe. Daga goma motocin masu yawon buɗe ido suke fara sauke mutane ta hanyar sama, gadar ta koma kasuwa.

A tsaunukan Harz akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Tsofaffin jiragen ƙasa masu hayaƙi da ke tashi daga Wernigerode suna karɓar tikitin, amma ban da ɓangaren da ya tashi daga Drei Annen Hohne zuwa ƙololuwar Brocken, wanda shi ne kowa ke so, kuɗinsa kuma ya kusa na tikitin wata. Ɗalibi mai tattali ya hau bas zuwa Schierke ya taka da ƙafa, awa biyu zuwa uku. Tsayin dutsen mita 1,141 ne kawai, amma yanayinsa na babban tsauni ne, hazo yana rufe shi kusan kwana 300 a shekara. Ana iya barin ƙasa da rana tsaka a tarar da iska mai kada mutum a sama.

Sai Munich, wadda ɗalibanta suka fi kowa cin ribar wannan tikiti. Garmisch-Partenkirchen tafiyar ƙasa da awa ɗaya da rabi ce. Daga can akwai Partnachklamm, wani tsagin dutse mai tsawon kusan mita 700 da ruwa ke gudu a ƙasansa yana ɗiga daga samansa, ana biyan kuɗin shiga, kuma ko rana ake yi sai an jiƙe. Jirgin da ke hawa Zugspitze, dutse mafi tsayi a Jamus mai mita 2,962, yana karɓar tikitin ne zuwa Grainau kawai, daga nan kuɗin hawa ne mai nauyi. Ba dole sai an hau ba. Zagaya tafkin Eibsee da ke gindinsa, kilomita bakwai da ɗoriya, awa biyu ne a natse, kuma ya ishi ido. Füssen, da ke kusa da fadar Neuschwanstein, awa biyu ce, sannan bas 73 ko 78.

A kan hanyar tafkin Tegernsee ne ake koyon wani darasi da ba a rubuta shi a jikin tikiti ba. Jirgin yana tashi daga Munich a haɗe, amma a hanya yana rabuwa: a Holzkirchen wani ɓangare ya nufi Bayrischzell, can gaba kuma sauran su rabu, ɗaya Tegernsee ɗaya Lenggries. Direba yana sanarwa, amma da Jamusanci, cikin sauri. Wanda ya shiga kowace ƙofa ya sa abin sauraro a kunne, sai ya ɗaga kai ya ga tsauni, amma ba wanda ya nufa ba. Kowane ɓangare yana da allonsa a gefen ƙofa daga waje da kuma a ciki, sunan da ke jikin taragon da kake zaune shi ne inda za ka, ba wanda ke allon tasha ba. Irin wannan rabuwa tana faruwa a layuka da dama a ƙasar. Haka kuma a ƙananan tashoshin karkara akwai inda jirgi ba ya tsayawa sai an danna maɓalli, kuma ƙofa ba ta buɗe kanta, sai ka taɓa maɓallin da ya kawo haske.

Tikitin yana ɗan leƙa ƙetare. Ana shiga Salzburg da Kufstein a Ostiriya da shi, da tashar Basel Badischer Bahnhof a Suwizalan, da Venlo a Holan. Daga Munich zuwa Salzburg bai kai awa biyu ba. Amma aikinsa ya ƙare a tashar, bas ɗin cikin Salzburg kuɗinsa dabam. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai fasfon Najeriya, Nijar ko Gana shi ne takardu. Jamus tana binciken iyaka da Ostiriya tun 2015, ta kuma faɗaɗa shi zuwa dukkan iyakokinta na ƙasa a Satumban 2024. 'Yan sanda suna shiga jirgin yanki su bi tarago-tarago. A riƙe fasfo da katin izinin zama, duka biyun, na ainihi. Wanda izininsa yake hannun hukuma ana sabuntawa, aka ba shi takardar wucin gadi ta Fiktionsbescheinigung, ya tabbatar da irin wadda aka ba shi kafin ya tsallaka, domin akwai wadda ake fita a dawo da ita, akwai wadda in ka fita ƙofa ta rufe. A Basel kuma a kashe data, Suwizalan ba ta cikin tsarin kiran waya na Tarayyar Turai, layuka da yawa suna caji mai zafi a can.

Inda tikitin ya gaza shi ne doguwar tafiya. ICE yana haɗa Berlin da Munich cikin kamar awa huɗu. Da jiragen yanki abin yana cin awa tara zuwa goma, da canji uku ko huɗu, kowane canji kuma wata dama ce ta rasa na gaba. An ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma ɗalibin da ke da Asabar da Lahadi kacal ba shi da shekarar. Ga irin wannan tafiya gara a sayi tikitin ICE mai rahusa makonni kafin ranar, akwai na 'yan ƙasa da shekara 27 da ke farawa ƙasa da Yuro 20. Makara kuwa ta zama ruwan dare a jiragen Jamus, duk da sunan da ƙasar ta yi a da. Diyyar da mai wannan tikiti ke samu abin dariya ce, Yuro 1.50 a kan makarar awa guda, kuma ba a biya sai ta taru ta kai Yuro 4. Tun Agustan 2023 ma an cire damar tsallakawa cikin ICE a dawo maka da kuɗi in naka ya makara. Abin yi shi ne kada a yarda da canjin da bai kai minti 10 ba, kuma kada a taɓa ɗora dawowa a kan jirgin ƙarshe na dare. A ɗauki na biyun ƙarshe a matsayin na ƙarshe. In aka ga haruffan SEV a manhaja, ana gyaran layi ne, bas zai maye gurbin jirgi, yana tsayawa a wajen tasha, ya fi jinkiri, galibi kuma ba ya ɗaukar keke.

Cunkoso ma gaskiya ne. Ba a kama kujera a jirgin yanki. Ranar Asabar mai rana a watan Yuli, jiragen da ke barin Berlin zuwa tekun Baltic, ko RE6 daga Hamburg-Altona zuwa tsibirin Sylt, tafiyar awa uku, suna cika har a bar mutane a tasha. A tashi da na ƙarfe shida ko bakwai, a kuma shiga daga tashar da jirgin ke farawa. Keke ba ya cikin tikitin, kowace jiha da dokarta, a wasu wurare kyauta ne a wasu sa'o'i, a wasu sai an saya masa nasa. A karkara kuma "kowace bas" tana iya zama bas uku a yini, ranar Lahadi babu ko ɗaya, ko kuma irin wadda sai an kira waya awa guda kafin lokaci take fitowa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a duba lokacin motar dawowa tun kafin a bar gida, a rubuta shi a takarda.

Sauran abin da ke ɓata fita ba laifin tikiti ba ne, shiri ne. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, ban da na manyan tashoshi, don haka guzuri tun Asabar. Ruwan famfo ana sha, gora mai lita ɗaya da rabi ta isa yinin da ba zafi. Takalmi mai ƙarfin gindi da ke kama ƙasa ya fi komai, kambas mai sulɓi a kan jiƙaƙƙen dutse shi ne ke kai mutane asibiti. Riga uku marasa nauyi da ake cirewa ɗaya bayan ɗaya sun fi babbar riga guda, ta saman ta zama mai hana ruwa. Allunan hanyar tsauni a kudu lokaci suke rubutawa, ba nisa kaɗai ba, kuma da tafiyar wanda ya saba aka auna, sabon shiga ya ƙara kashi ɗaya cikin uku. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, a Yuni kuwa tana kaiwa tara da rabi, wannan ya shafi lokacin sauka daga dutse, ya kuma shafi salla: a hunturu Azahar, La'asar da Magariba suna zuwa kusa da kusa, duk a kan hanya za su same ka. Ƙaramar darduma mai naɗewa da 'yar gorar alwala ba su da nauyi, ban-ɗakin jiragen RE da RB kyauta ne, na tasha kuwa ana biyan wajen Yuro guda. A bukkokin abinci na kan tsauni a riƙe tsabar kuɗi, da yawa ba sa karɓar kati, a kuma san kalmomi uku, Schwein, Speck da Schinken, duk alade ne, har cikin miyar da ake zaton ta ganye ce ana jefa shi. Apfelschorle ruwan tuffa ne da soda, Radler kuwa rabinsa giya ne ko da ya yi kama da lemo. Daga bazara zuwa kaka akwai kaska a ciyayin Bavariya da Baden-Württemberg, tana ɗauke da cutar da ke taɓa ƙwaƙwalwa, akwai allurar rigakafinta, kuma a duba jiki da an dawo, musamman bayan gwiwa da hammata. Kafa tanti a daji ba izini haramun ne a mafi yawan wurare. Lambar gaggawa 112 ce, a gari ko a kan dutse.

In baƙo ya zo maka na kwana biyu, kada ka sa shi ya yi wannan rajista. Tikitin yini na jiha ya fi masa, yana ɗaukar har mutum biyar, yana fara aiki ƙarfe tara na safe a ranakun aiki, Asabar da Lahadi kuwa tun tsakar dare, kuma sai an rubuta sunayen matafiyan a jiki kafin a shiga. Ɗalibin da zai tafi gida dogon hutu, in nasa na Yuro 63 ne ba na jami'a ba, ya sa wa wayarsa ƙararrawa ranar 8 ga watan da zai tashi, don ya soke rajistar a kan lokaci.